Loda Manhaja Sai An Buƙata: Nazari a Kan Tafintocin Uwar Garke

Shafin intanet da aka rubuta da Perl, Python ko PHP ba ya aiki sai da tafinta, wato manhajar da ke karanta umarnin marubuci ta aiwatar. A zamanin CGI, duk buƙatar da ta iso sai an tayar mata da sabon tafinta, ya karanta komai daga farko, ya amsa, ya mutu. Wannan ɓarnar lokaci ce mod_perl, wanda Doug MacEachern ya raina tun 1996, ya zo magancewa, ya zaunar da tafintan cikin uwar garken Apache dindindin.

Da Apache 2.0 ya fito a 2002 da tsarin zaruruwa, inda aiki ɗaya ke rarrabuwa ya amsa mutane da yawa lokaci guda, sai lamarin ya sake fasali. A mod_perl 2.0 na 2005, ana tayar da uwar tafinta guda, a kwafi 'ya'ya daga jikinta a tara, kowane zare ya ari ɗaya, in ya gama ya mayar. Tambayar ita ce: ƙunshin umarnin da shafin ke dogaro da su, tun farko za a loda su, ko sai an nema?

A ido, jira sai an nema ya fi kama da tattali. Uwar garke tana tashi da wuri, abin da ba a taɓa ba kuma bai ci memori ba. Amma akwai lauje cikin naɗi. Abin da uwa ta loda kafin a kwafe ta, 'ya'yan suna tarayya a kan fassararren umarninsa, bayanan da ke canzawa kawai kowa ke riƙe nasa. Wanda aka loda bayan kwafi kuwa, kowane tafinta sai ya karanta da kansa, ya ajiye nasa daban. Hausawan da ke noma a Jazira, inda ruwan madatsar Sinnar ke gudu tun 1925, sun san cewa ƙaramar magudana ɗaya, wadda suke kira abu ishirin, ke shayar da hawashoshi, wato gonaki, da dama. Lodin jira kamar kowane manomi ya haƙa tasa hanyar ce har bakin babbar magudana.

Ba memori kaɗai ke tafiya ba. Jinkirin karatun farko yana maimaituwa sau adadin tafintoci, kuma da yake akan sallami tafinta bayan ya amsa wani adadin buƙatu, magajinsa ma sai ya sake. Mai riƙe da waya a garin Mai Wurno, wanda dama layinsa ba ƙarfi, shi ke biyan wannan. Mafi muni, in an gyara fayil ana tsakar aiki, wani tafintan na iya riƙe tsohon umarni, wani sabo, shafi ɗaya ya riƙa ba da amsa biyu. Neman irin wannan kuskure aiki ne ja.

Lodin farko ma da nasa haraji: duk gyara sai an sake tayar da uwar garke, sharaɗin da lodin farko na PHP 7.4 ma ya zo da shi a 2019. A ganina wannan ya fi sauƙin ɗauka. Duk ƙunshin da yawancin buƙatu ke bi ta kansa a loda shi tun a uwa, a bar wa jira abin da ba a nema sai jefi-jefi, kamar rahoton ƙarshen wata.