Firasa

Firasa ita ce ilmin gane halin mutum na baɗini daga alamominsa na zahiri, fannin da Fahruddini Arrazi, wanda ya rasu a 1210, ya wallafa littafi sukutum a kansa. A ƙasar Funtua da Malumfashi, inda manomi kan ɗauki baƙon ɗan ƙodago da kaka, dillali kuma kan ba baƙo hatsi bashi a kasuwar Dandume, auna mutum da gani ɗaya larura ce. Masana halayyar ɗan Adam sun tarar cewa fara'a da son jama'a kan bayyana nan take, amma gano maƙaryaci, bisa nazarin da aka tattara a 2006, dacewarsa 54 ce cikin 100. Don haka shaidar mai masaukin baƙo ta fi firasa ƙarfi.