Kilishinmu da Naman Barewar Ƙasar Ƙanƙara

Tun kafin zuwan firiji, mahauta a Karaye da Rogo sun san yadda ake adana nama: a yanyanka shi fale-fale, a shanya, a tsoma a labun ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari, a sake shanyawa, sannan a gasa. Dalilin a kimiyyance shi ne, ƙwayoyin da ke ruɓar da nama ba sa hayayyafa in babu ruwa.

A arewacin Norwe da Suwidin da Finlan, ƙabilar Sami ma sun daɗe da wannan dabara. Naman wata babbar barewa da suke kiwo suke barbaɗa wa gishiri, su yi bandarsa da hayaƙi, ko su rataye iskar sanyi ta busar.

A 1986 tashar nukiliya ta Charnobil ta fashe. Ruwan sama ya sauke sinadarin siziyom mai guba kan gansakukar da dabbobin ke ci, dole aka zubar da naman dubun-dubatarsu a Suwidin.

To ka ga, shanya da banda ruwa suke janyewa, irin wannan guba kuwa tana nan a tsoka. Don haka kai shanu gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari ba abin wasa ba ne.