Tarihin Kayode Fayemi, jagoran Rediyo Kudirat

Dakta John Kayode Fayemi, tsohon gwamnan jihar Ekiti, yana daga cikin 'yan siyasar Najeriya ƙalilan da suka fara suna ta hanyar gidan rediyon da gwamnati ta haramta.

Shi ne ya kula da ayyukan Rediyo Kudirat, tashar da 'yan adawa suka kafa a ƙetare domin ƙalubalantar mulkin Janar Sani Abacha, wadda ta yi aiki daga 1996 zuwa 1999.

An haife shi a Ibadan ranar 9 ga watan Fabrairun 1965, amma asalin iyayensa mutanen Isan-Ekiti ne. Ya yi karatun tarihi a Jami'ar Legas, da na hulɗar ƙasa da ƙasa a Jami'ar Ife, kana ya sami digirin digirgir a fannin nazarin yaƙi a King's College da ke London.

Ya taɓa aikin jarida kafin ya tsunduma cikin gwagwarmaya, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a fagen ilimi shi ne dangantakar sojoji da farar hula.

Abin da ya haifar da tashar

Soke zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga watan Yunin 1993 da Janar Ibrahim Babangida ya yi shi ne mafarin al'amarin. Cif Moshood Abiola ne ke kan gaba a zaɓen, har ma ya kayar da Alhaji Bashir Tofa a jiharsa ta Kano.

Bayan da Janar Abacha ya karɓi mulki a watan Nuwamban 1993, fagen faɗin albarkacin baki ya ƙuntata ƙwarai. An tsare Abiola a 1994, an kuma rufe jaridun Guardian da Punch da Concord. A 1995 kotun soja ta ɗaure 'yan jarida huɗu bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki.

Lamarin bai bar Arewa ba. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya yi ɓatan dabo a zamanin, sannan Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamban 1997.

Kodayake dokar soja ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar mallakar gidajen rediyo, lasisi yana hannun gwamnati, kuma kusan duk tashoshin ƙasar nata ne.

Daga ƙaramar na'ura zuwa gajeren zango

Yunƙurin farko shi ne wata ƙaramar tashar FM ta ɓoye da ta riƙa watsa shirye-shirye a Legas a 1995. Muryarta ba ta wuce birnin da kewayensa ba, ga kuma haɗarin da ke tattare da ɓoye na'urar daga jami'an tsaro.

Wannan ne ya sa Farfesa Wole Soyinka, wanda ya tsere daga ƙasar a ƙarshen 1994, da Dakta Fayemi da abokan gwagwarmayarsu suka koma ga gajeren zango.

Bambancin yana da girma. Zangon FM kan tafi ne kai tsaye, ya tsaya a iyakacin 'yan kilomitoci. Shi kuwa gajeren zango yakan haura sama, ya daki wani sashe na sararin samaniya, ya dawo ƙasa a nesa mai dubban kilomitoci, musamman da dare.

Don haka shirin da aka haɗa a London, aka harba shi daga na'urorin haya a Afirka ta Kudu, yana iya isa akwatin rediyon mai sauraro a Birnin Kebbi ko Argungu kamar yadda yake isa Ibadan, ba tare da sojoji sun sami ƙofar da za su garƙame ba.

Tashar ta fara aiki a watan Yunin 1996 da sunan Radio Democrat International. A cikin wannan watan ne 'yan bindiga suka harbe Hajiya Kudirat Abiola, haifaffiyar Zariya, a Legas, kuma daga bisani aka sauya wa tashar suna domin tunawa da ita.

Takan watsa labarai da sharhi da yamma, cikin Turanci da wasu harsunan Najeriya, har da Hausa, tare da tallafin kuɗi daga ƙasashen waje, musamman Norway.

Mabambantan ra'ayoyi

Gwamnatin soja ta ɗauki tashar a matsayin makamin zagon ƙasa. A watan Maris na 1997 ta tuhumi Soyinka da wasu 'yan adawa da laifin cin amanar ƙasa a bayan idonsu.

A Arewa kuwa, inda sauraron gajeren zango ya daɗe da zama al'ada, kuma Rediyon Kaduna ke da ƙarfin faɗa a ji, mutane da dama sun kalli tashar a matsayin muryar 'yan siyasar Kudu maso Yamma. Magoya bayanta kuma na cewa ita ce ta riƙa ambaton sunayen waɗanda ake tsare da su a lokacin da gidajen rediyon gwamnati suka yi gum.

Janar Abacha ya rasu ranar 8 ga watan Yunin 1998, Abiola ya bi shi bayan wata guda. An rufe tashar a 1999, bayan da farar hula suka karɓi mulki.

Shiga gwamnati

Dakta Fayemi ya shugabanci Cibiyar Dimokuraɗiyya da Cigaba ta CDD daga 1997 zuwa 2006, ya kuma ba da labarin shekarunsa na gudun hijira a littafinsa mai suna Out of the Shadows, wanda ya fito a 2005.

Ya tsaya takarar gwamnan Ekiti a 2007, sai dai bai hau kujerar ba sai a watan Oktoban 2010, bayan doguwar shari'a da ta ƙare a kotun ɗaukaka ƙara.

Ayodele Fayose ya kayar da shi a 2014. Ya riƙe muƙamin ministan ma'adinai a gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari daga 2015 zuwa 2018, sannan ya sake mulkin Ekiti daga 2018 zuwa 2022, inda ya shugabanci ƙungiyar gwamnonin Najeriya.

A 2022 ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar APC, amma ya janye wa Bola Tinubu a wurin zaɓen fid da gwani.

Fagen rediyo ya sauya matuƙa tun bayan Rediyo Kudirat. An buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, kuma tashoshi masu zaman kansu sun bazu a biranen Arewa.

Sai dai takun-saƙa tsakanin masu mulki da gidajen rediyo bai ƙare ba. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu kafafen watsa labarai a Gusau saboda ɗaukar taron 'yan adawa, matakin da hukumar NBC ta ce ya saɓa wa doka.