Sawun Fayil a Kwamfutar Tarayya: Nazari daga Gidan Rumji

Gabatarwa

Garin Gidan Rumji yana kan babbar hanya mai lamba 1, kimanin kilomita 50 daga Maraɗi ta hanyar Madawa, kuma shi ne babban birnin gundumar da ta haɗa da Tibirin Gobir, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. A irin wannan wuri, mafi yawan mutane ba su da kwamfuta ta kansu, amma kusan kowa yana da buƙatar da za ta kai shi gabanta: takardar neman aiki, ƙara zuwa kotu, yarjejeniyar sayar da gona, jerin sunayen 'yan ƙungiya. Ana buga waɗannan a shagon buga takardu ko a ofis, a kan na'ura ɗaya da hannaye da yawa ke taɓawa. Abin da za mu bincika shi ne abin da na'urar ke riƙewa bayan mai takarda ya karɓi kayansa ya tafi.

Ma'anar kalmomi

Fayil shi ne duk wani rubutu, hoto ko murya da aka adana da suna a cikin na'ura. Kwamfutar tarayya ita ce wadda mutum fiye da ɗaya ke aiki da ita. Filashi, wanda a Nijar aka fi ce wa "kile", ita ce 'yar ƙaramar ma'ajiyar da ake cusawa a jikin kwamfuta. Sawu kuwa, a wannan nazari, shi ne bayanin da na'ura ke rubutawa da kanta game da fayil ɗin da aka buɗe: sunansa, inda yake ajiye, da lokacin da aka taɓa shi. Mun zaɓi wannan kalma ne domin, kamar sawun dabba a kan rairayi, yana zama ko da mai shi ya yi nisa. Dole mu riƙe wannan bambanci tun yanzu: fayil daban, sawunsa daban. Goge ɗaya ba ya goge ɗayan.

Ire-iren sawu

Za mu kasa sawu gida uku bisa ga wanda ke rubuta shi. Na farko shi ne na babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, wato Windows a mafi yawan ofisoshi. Duk lokacin da aka buɗe takarda, Windows tana ƙirƙirar wani ɗan manuni a jakar da ake kira Recent. Manunin bai ƙunshi rubutun takardar ba, amma yana ɗauke da cikakken sunanta, girmanta, ranakunta, har da lambar ma'ajiyar da ta fito daga ciki. Tun Windows 7, wadda ta fito a 2009, an ƙara wani jeri da ke bayyana in an danna ɓangaren dama na linzami a kan tambarin manhaja a ƙasan allo. Windows 10, a 2015, ta zo da shafin da ke nuna fayilolin baya-bayan nan da zarar an buɗe mabinciyar jakunkuna.

Na biyu shi ne na ƙananan manhajoji. Word da Excel, da masu buɗe takardun PDF, da masu shiga intanet, kowace tana da jerinta, kuma share na Windows ba lallai ya taɓa nasu ba. Na uku shi ne ɓoyayyen sawu, wanda ba a gani a allo: rajistar Windows, wato kundin da take adana tsare-tsarenta, tana riƙe sunan kowane filashi da aka taɓa cusawa, akwai kuma ƙananan hotunan samfoti, da kwafin wucin gadi da Word ke ajiyewa domin ceton aiki idan wuta ta ɗauke. Inda ɗaukewar lantarki ta zama ruwan dare, wannan kwafi rahama ne ga mai bugawa, amma yana iya bijirowa da safe a gaban wani baƙo.

Dalilin da ya sa sunan fayil kaɗai ya isa

Ana iya cewa tun da sawu bai ɗauki cikin takarda ba, ba wata illa. Mu duba da kyau. Mai shago yakan raɗa wa fayil suna da buƙata da kuma sunan mai ita, domin ya gane shi gobe. A ce wata baiwar Allah ta zo da hantsi an buga mata takardar neman raba aure, ta saka a filashinta, ta biya, ta tafi. Bayan azahar wani maƙwabcinta ya zauna a benci guda yana jiran a gyara masa takardar gona, mai shago ya buɗe Word, sai ga layi na farko na jerin takardun baya-bayan nan ɗauke da buƙatarta da sunanta. Bai buɗe komai ba, bai yi leƙe ba, amma ya karanta. A garin da kowa ya san gidan kowa, layi ɗaya ya gama tona asiri.

A wannan gunduma batun ya wuce kunya. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako suna gudun 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a wurare irin su Cadakori da Garin Kaka. A yankin da ake sace mutane domin kuɗin fansa, fayil mai nuna wanda ya sayar da shanu, ko jerin waɗanda za a raba wa tallafin kuɗi, bayani ne da zai iya jefa rai cikin haɗari.

Matakai uku: ɓoyewa, sharewa, hanawa

Ɓoyewa ita ce kawar da jeri daga gani alhali yana nan. A cikin zaɓuɓɓukan mabinciyar jakunkuna akwai sashen sirri, wanda a na'urorin da ke Faransanci aka rubuta Confidentialité. Cire alamar da ke kan nuna fayilolin baya-bayan nan yana rufe su daga wannan shafi. A Word, cikin manyan zaɓuɓɓuka, ana iya mayar da adadin takardun da ake nunawa zuwa sifiri. Wannan labule ne: yana tsare idon mai wucewa, ba ya tsare mai bincike.

Sharewa ita ce goge abin da aka riga aka rubuta. Maɓallin Effacer da ke wancan sashe yana yin haka. Ana kuma iya danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta recent, a goge duk manunan da suka bayyana. Ainihin takardun ba za su taɓu ba. A manhajar shiga intanet, haɗa Ctrl da Shift da Suppr yana buɗe wurin share tarihi. Sai a tuna da kwandon shara da jakar da sikana ke zuba hotuna, domin can ake yawan manta katin shaidar mutane. Ita ma sharewa tana da iyaka: abin da aka goge yakan zauna a faifan ajiya har sai sabon bayani ya hau kansa, kuma masana na iya tono shi.

Hanawa ita ce tsara aiki yadda sawu ba zai taru ba tun farko, kuma ita ta fi sauran ƙarfi. A buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa da kalmar sirri, a ware na baƙi daban, a juya allo ya ba benci baya, a riƙa raɗa wa fayil lamba da kwanan wata maimakon sunan mutum. Wannan na ƙarshe ba ya cin ko dala, amma shi ke rage dafin sawu ƙwarai.

Haƙƙi da iyakarsa

Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 a watan Mayun 2017, ta sabunta ta a Disambar 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. Ruhin dokar shi ne wanda ya karɓi bayanin wani yana da nauyin tsare shi, abin da mu muka sani da amana. Sai dai rufin asiri daban, ɓatar da shaida daban. Ma'aikacin da ya share jerin takardun masu zuwa ofis ya kyauta. Wanda ya goge sawun lissafin kuɗin jama'a domin kada a bincike shi ya ci amanar da ita ce tushen wannan aiki.

Kammalawa

Mun ga cewa sawu iri uku ne, maganinsa mataki uku, kuma babu matakin da ke maye gurbin wani. Mai kawo takarda sau da yawa bai san akwai wani jeri ba, balle ya nemi a share. Saboda haka nauyin yana kan mai riƙe da linzami: ya share jeri kafin na gaba ya zauna, ya kuma bar sunan mutane a kan takardarsu, wadda suke naɗewa su tafi da ita gida.