Robot da mutum-mutumi: inda fassara ta bar aiki a baya

Ɗalibi a Birnin Ƙonni, da ya yi karatu da Faransanci, cewa yake "robo", domin Faransawa na haɗiye harafin ƙarshe. Takwaransa na Illelar jihar Sakkwato, ƙetaren iyaka kaɗan, yana furta "robot" da nauyin murya a gaɓar farko, irin na Ingilishi. Wannan saɓani bai da illa. Abin dubawa shi ne kalmar da kafafen labarai na Hausa suka zaɓa, wato mutum-mutumi, wadda a ganina ta kama siffa ta saki ma'ana.

Asalin kalmar "robot" ba Ingilishi ba ne. Ta fito daga wasan kwaikwayon R.U.R. na marubucin ƙasar Cek, Karel Chapek, wanda aka buga a 1920, kuma ɗan'uwansa Josef ne ya ba shi ita. Tushenta "robota", aikin tilas da talaka ke yi a gonar mai ƙasa, wanda aka soke a daular Ostiriya a 1848. Mutanen Adar da Ƙonni ba baƙin wannan ba ne: aikin dole na zamanin Faransawa bai ƙare a doka ba sai 1946. Ke nan tun farko kalmar tana magana ne a kan wanda aka ɗora wa wahala. Mutum-mutumi kuwa, a bakin manomi, tsumma ne a kan sanda mai korar tsuntsaye daga gero, ba ya tsinana komai.

Za a ce asali ba ya yanke wa kalma hukunci, abin da jama'a suka gane shi ne ma'ana, kuma halittun wasan Chapek ma da surar mutane suke. Haka ne. Sai dai na'urar farko ta wannan jinsi da ta shiga masana'anta, Unimate, a kamfanin General Motors a 1961, hannu ne kawai na ƙarfe. Da masana'antar siminti ta Malbaza za ta girke irinta gobe tana jera buhuna, ba wanda zai ga mutum-mutumi, amma masu dako za su ga abin da ya karɓe musu aiki.

"Inji" ma bai wadatar ba. Injin ban-ruwa a lambunan albasar Galmi sai an tayar, an tsaya a kansa, an kashe. Robot ana tsara masa jerin ayyuka ne ya bi da kansa, a sake tsara shi idan aikin ya sauya. Gara a ari kalmar yadda aka ari "mota" da "rediyo", a bar wa bakin Hausawa ya daidaita lafazinta.