Sukur: Garin Ƙarfe a Kan Duwatsun Mandara

Yawancinmu 'yan Ƙasar Hausa mun tashi da jin cewa tsoro ne kawai ke sa mutane su hau dutse su zauna, watau gudun mahara da masu kamun bayi. Akwai gaskiya a ciki, amma tarihin Sukur ya nuna wannan zance bai cika ba.

Sukur tana cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, a kan jerin duwatsun Mandara waɗanda suka raba Nijeriya da Kamaru. Garin yana bisa tudu mai tsawon fiye da mita 1,000, kuma mai zuwa daga ƙasa sai ya hau da ƙafa ta wata hanya da mutanen dā suka shimfiɗe da falalen duwatsu. Su kansu mutanen suna kiran garinsu da harshensu Sakun. Ɗaliban harshe za su so su ji cewa harshen nan ɗan gidan harsunan Chadi ne, watau dangin Hausa ne na nesa, ko da yake Bahaushe ba zai tsinci kome a cikinsa ba.

Abin da zai fara ɗaukar idon baƙo shi ne aikin dutse. Gonaki hawa-hawa suke kamar matakala, an tokare kowace da jeren duwatsu don kada ruwan damina ya kwashe ƙasa. Katangar gida dutse ce, masussuka ma haka. Har sa ana gina masa rami na dutse a cikin gida, a turke shi ana kai masa ci da sha har ya yi ƙiba, takinsa kuwa ya tafi gona. Fadar sarkinsu, wanda suke kira Hidi, ita ma da dutse aka kewaye ta.

To, amma arzikin Sukur na ainihi ƙarfe ne. Ruwan sama yakan wanko baƙin yashi mai tama zuwa rafuka, a tara shi, a narka da gawayi da zuga-zugi. A wurare da yawa na wannan yanki aikin ƙarfe na zuriyar maƙera ne kaɗai, amma a Sukur manoma ma suna narkar da tama da rani. Sa'an nan a ƙera shi sanda-sanda, fatake daga filayen Barno su zo su saya a kasuwar garin, a je a yi fartanya da gatari da mashi. Ƙasar Barno ba ta da wadatar tama, saboda haka Sukur ta sami ciniki mai ƙarfi, musamman a ƙarni na 18 da na 19, Hidi kuwa yana karɓar rabonsa. Garin da fatake ke tururuwa zuwa kasuwarsa ai ba a ce da shi maɓoya ba. A ganina wannan ciniki ne ya ba su hali da dalilin shimfiɗa hanyoyin nan na dutse.

Karyewar abin ta zo da ƙarni na 20. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya yi ta kai hari kan mutanen duwatsu yana kama bayi, kuma Sukur na cikin garuruwan da suka sha wuya a hannunsa. Abin mamaki, shi da kansa ya sa aka riƙa rubuta ayyukansa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi. An buga littafin da Turanci a 1995. Bayan an sami sauƙin hari sai ga wani abokin gaba wanda dutse ba ya tare shi: ƙarfen Turawa da tsofaffin ƙarafan mota masu araha. Wajen 1960 aka daina narkar da tama, jama'a da dama kuma suka gangara fili neman gona da kasuwa.

A 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, yankin Kamaru ta Arewa, har da Madagali da Sukur, ya zaɓi zama cikin Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta farko daga Nijeriya. Wannan daraja ba ta hana 'yan Boko Haram hawa dutsen a 2014 ba, inda suka ƙone gidaje da rumbuna, har da ɗakunan fadar Hidi. Jinka da itace sun ci wuta, katangun dutse kuwa suka tsira, a kansu kuma mutanen suka sake ɗora rufi.