Kalmomin Italiyanci na sayen abin tafiya da shi a gidan burodi

A Italiya ana kiran gidan burodi forno, ko panificio, ko panetteria, kuma ba burodi kaɗai ake sayarwa a cikinsa ba. Akwai focaccia, wadda birnin Genoa ya shahara da ita, da pizza al taglio, wadda ake gasawa a faffaɗan faranti a yanka wa mai saye gwargwadon buƙatarsa, musamman a birnin Rum.

Gaisuwa ce kan gaba: buongiorno da safe, buonasera da yamma. Idan an cika kuma babu takardar lamba, ana tambaya Chi è l'ultimo?, wato wane ne na ƙarshe a layi. Buƙata kuwa da vorrei ake buɗe ta, ma'ana "zan so". Voglio, "ina so", daidai ne a nahawu, sai dai a kunnen mai shago ya fi kama da umurni.

Inda baƙo ya fi rikicewa shi ne awo, domin yawancin kayan a kan sikeli ake sayar da su. Un etto giram 100 ne, due etti giram 200. Mai sayarwa kan ɗora wuƙa a kan pizza ya dubi mai saye ya ce Così?, "haka?" Amsa ita ce un po' di più idan ana son ƙari, un po' di meno idan ya yi yawa. Idan ya ce Altro?, "sai me kuma?", basta così, grazie ta rufe ciniki. Da portare via na nufin za a tafi da shi, sai a naɗe a takarda. Quant'è? tambayar kuɗi ce, rasit kuma scontrino.

Kalmar da ta fi dukkan waɗannan muhimmanci ga Musulmi ita ce strutto, kitsen alade. Ana cuɗa shi cikin ƙullun wasu nau'o'in burodi, kamar piadina ta yankin Romagna, kuma ido ba ya gane shi. Tambayar ita ce C'è strutto? Haka nan prosciutto da mortadella da pancetta duk naman alade ne, saboda haka senza maiale, "ba alade", na da amfani.

Lafazin ba zai wahalar da Bahaushe ba. Ana nanata baƙi mai ninki kamar a Hausa, focaccia ana faɗinta "fokacca", chi kuma "ki".